Share-share da goge-goge: Sana'ar da ke jiran matasa a Birnin Kebbi da Argungu

Duk wanda ya san Birnin Kebbi a lokacin hunturu ya san yadda ƙura take ba mutane aiki. A share ɗaki da safe, kafin La'asar an iya rubuta suna da yatsa a kan tebur. Daga Nasarawa zuwa Gesse, daga Badariya zuwa Rafin Atiku, kullum ana buɗe sababbin shaguna, ana kammala gidaje, ana ɗaura aure, ana taro a ɗakunan biki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare sai an share shi, an wanke, an goge, kuma yawancin masu su ba su da lokacin yi da kansu.

A nan ne wata sana'a take, wadda matasa da yawa suke wucewa ta gefenta ba su gan ta ba. Wasu kuma sun gan ta, amma kunya ta hana su taɓa ta, don kada abokai su ce wane ya zama mai shara. Sai ga shi wanda ya ji kunyar riƙe tsintsiya bai ji kunyar zama a bakin titi yana jiran wani ya ba shi kuɗin kati ba.

Amma riƙe tsintsiya kaɗai ba ya mayar da mutum mai sana'a. Kowa ya iya shara tun yana yaro. Abin da ke sa a biya wani kuɗi mai kauri, a kuma sake kiran sa gobe, abubuwa uku ne: ya san aikin da ilimi, ya iya lissafin kuɗinsa, sannan a yarda da shi a bar masa makullin ofis. Biyu na farko ana koyar da tushensu a ajin da kuke zaune yanzu.

Ina kasuwar take?

An ƙirƙiri Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta, 1991, aka ciro ta daga tsohuwar Jihar Sakkwato, Birnin Kebbi ya zama babban birninta. Tun daga lokacin garin yake faɗaɗa. Ga sakatariyar gwamnati a Gwadangaji, ga Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, ga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello. Ban da waɗannan akwai bankuna, otal-otal, makarantu masu zaman kansu, ƙananan asibitoci da shagunan magani.

Harkar shinkafa ma ta ƙara wa yankin motsi. A Birnin Kebbi ne aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamba 2015. Kamfanin Labana yana sarrafa shinkafa a birnin, kamfanin WACOT kuma ya buɗe nasa injin a Argungu a 2017. Inda kuɗi ya shiga, gini yakan biyo baya, kuma duk ginin da aka gama sai an kankare siminti da fenti daga kan tayil da gilashi kafin a tare.

Manyan hukumomi sukan ba da aikin tsaftace su kwangila ga kamfanonin da ke da rajista, kuma mai farawa ba zai same shi a rana ɗaya ba. Kasuwar mai farawa tana kusa da ƙofar gidansu: shagon da ke son a wanke masa gaba kowace safiya, ofishin lauya mai ɗaki biyu, gidan amarya da ake so a wanke kafin jere, masallacin unguwa da za a kakkaɓe wa darduma kafin azumi, ɗakin biki da aka tashi aka bar robobin ruwa da ledoji ko'ina.

Sana'ar kuma tana tafiya da lokaci. Da hunturu, aikin ƙura ne: taga, labule, fanka, kujerun kushin, da farantan sola da mutane suka ɗora a kan rufi, waɗanda ƙura ke rage musu ƙarfin kawo wuta. Kafin Sallah, gidaje ne. Kafin damina, yashe kwata da magudanar ruwa. Bayan an gama girbi kuɗi sun zo hannu, lokacin bukukuwa ne.

Argungu, mai nisan kimanin kilomita 50 daga Birnin Kebbi, tana da nata lokacin na musamman. Bikin kamun kifi da ake yi a Matan Fada ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Duk shekarar da aka yi bikin, dubban baƙi ne suke cika garin. Masaukai suna buƙatar a gyara su kafin baƙi su iso, filin taro yana buƙatar a kwashe shara bayan an watse. Mai sana'ar da ya san kalandar garinsa yakan je neman aikin tun saura wata biyu, ba ya jira sai ana gobe.

Daga duba-gari zuwa kamfani

Ku tambayi kakanninku labarin duba-gari. Jami'an tsafta ne da tun zamanin Turawa suke bi gida-gida suna leƙa randa da masai, wanda aka samu da ƙazanta a ci shi tara. A tsakiyar shekarun 1980 gwamnatin soja ta kawo sharar ƙarshen wata, inda ake hana zirga-zirga da safiyar Asabar har sai kowa ya share unguwarsa. A duk waɗannan, tsafta abu ne da hukuma take tilasta wa mutane. Abin da ya canja yanzu shi ne mutane da kansu suke neman wanda zai yi musu ita su biya shi.

A wasu ƙasashe an daɗe da mayar da wannan babbar harka. Kamfanin ISS na ƙasar Denmak ya fara ne a birnin Kofanhegan a 1901 da masu gadin dare ashirin. A 1934, shekarar da aka fara bikin Argungu, ya shiga aikin share gine-gine. Yau ma'aikatansa sun kai ɗaruruwan dubbai a ƙasashe da dama. Ku lura da inda ya faro: gadi. Kamfanin da aka riga aka yarda da shi aka ba shi makulli, shi ne ya ƙara da aikin shara.

A nan gida Najeriya akwai marigayi Isaac Durojaiye, wanda aka fi sani da Otunba Gaddafi. Ya lura cewa ana tara dubban mutane a wuraren biki a Legas ba tare da isassun wuraren bahaya ba, sai ya kafa kamfanin DMT mai ba da hayar ban-ɗakin tafi-da-gidanka. Aikin da kowa ke toshe hanci a kansa shi ya yi masa suna har a ƙasashen waje kafin rasuwarsa a 2012.

Kimiyyar da ke cikin bokiti

Ɗalibin da yake ganin darasin kimiyyar sinadarai ba shi da amfani sai a jarrabawa, to ya leƙa cikin bokitin mai goge-goge.

Abu na farko, wankewa daban, kashe ƙwayoyin cuta daban. Omo da sabulu suna cire datti da maiƙo. Ruwan bilic irin su Hypo da Jik shi ke kashe ƙwayoyin cuta, domin yana ɗauke da sinadarin kulorin. Idan aka zuba bilic a kan datti, dattin yakan cinye ƙarfinsa. Don haka ana fara wankewa da omo, a ɗauraye, sannan a bi da ruwan bilic, a bar shi ya ɗan jima a jiƙe kafin ya bushe.

Abu na biyu, bilic yana da ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙarfin kashi 0.1 cikin 100 don goge tebur, ƙofa da daɓe, da kashi 0.5 cikin 100 inda jini ko amai ya zuba. A jikin kowace kwalba an rubuta ƙarfin abin da ke ciki. Lissafin mai sauƙi ne: raba ƙarfin da ke jikin kwalbar da ƙarfin da kake so, ka cire ɗaya. Abin da ya rage shi ne yawan ma'aunin ruwa da za ka zuba a kan ma'auni ɗaya na bilic. Misali, idan kwalbar ta ce kashi 3.5, kana son 0.5, to 3.5 a raba da 0.5 ya ba da 7, a cire 1 saura 6. Ke nan kofi ɗaya na bilic, kofi shida na ruwa. Idan 0.1 kake so, murfi ɗaya na bilic zai ci murfi 34 na ruwa. Wanda bai san wannan ba, ko dai ya tuttula da yawa ya ƙona hannunsa ya yi asarar kuɗi, ko ya ɗiga kaɗan aikin ya zama wanka da ruwa kawai. Kuma ana haɗa sabo ne kullum, domin wanda ya kwana ƙarfinsa ya ragu, musamman a zafin Kebbi da kan haura digiri 40 a watan Afirilu.

Abu na uku shi ne wanda ya shafi rai. Kada a taɓa haɗa bilic da wani maganin wanki. Yawancin magungunan wanke masai suna ɗauke da asid, kuma idan asid ya haɗu da bilic sai iskar kulorin ta tashi. Iska ce mai guba da aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A ƙaramin ban-ɗaki mai rufaffiyar taga, tana iya shaƙe mutum cikin 'yan mintoci. Wasu suna haɗawa da tunanin wai zai fi ƙarfi. Idan hakan ya faru aka ji ido na yaji, ana tari, a fita waje nan take, a buɗe ƙofa da taga, a nufi asibiti in numfashi ya yi wuya.

Asid kuma yana cin dutsen marmara da daɓen tarazo, saboda akwai sinadarin farar ƙasa a cikinsu. Zubawa ɗaya ta isa ta dusashe ƙyallin falon da aka kashe wa miliyoyi. Ƙa'idar masu sana'a ita ce a gwada kowane magani a wani lungu da ido ba ya kai wa kafin a shafa shi ko'ina.

Akwai kuma tsarin aiki. Ana farawa daga sama a sauko ƙasa: silin da yanar gizo, sai fanka, sai taga, sai tebur, daɓe a ƙarshe. Ana farawa daga ƙuryar ɗaki a fito ta ƙofa, don kada a taka inda aka goge. Ana farawa daga wuri mai tsafta a gama da mai datti. Da hunturu, tsumma mai danshi ake sa wa ƙura, don busasshe tayar da ita kawai yake yi ta koma ta zauna. Farantan sola kuwa da sassafe ake wanke su kafin su ɗauki zafi, da ruwa zalla da tsumma mai laushi.

A asibitocin Ingila ana raba tsummoki da bokitai da launi: ja na ban-ɗaki, kore na wurin abinci, shuɗi na sauran wurare, rawaya na ɗakin da aka keɓe mai cuta mai yaɗuwa. Dabara ce da ba ta buƙatar jari, ko a kasuwar Birnin Kebbi za ka sami bokitai kala-kala. Amfaninta shi ne tsumman da ya goge masai ba zai taɓa hawa teburin cin abinci ba. A 2021 cutar kwalara ta bazu a Najeriya, aka samu sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kebbi na cikin jihohin da abin ya shafa. Cuta ce da ke bi ta ruwa da abincin da bahaya ya gurɓata. Mai goge-gogen da ya san aikinsa yana cikin masu tare mata hanya.

Lissafi kafin a ɗauki bokiti

Yawancin ƙananan sana'o'i ba rashin ciniki ke kashe su ba, rashin lissafi ne. Mutum yana ta aiki, kuɗi na shigowa, amma bayan wata shida ya duba ya ga ko mofa ba zai iya sakewa ba.

Bari mu yi misali da alƙaluman da muka ɗauka don koyo kawai, domin farashi yana canjawa. A ce an kira ku ku uku ku wanke sabon gida mai ɗaki uku a Gesse, aikin yini guda. Omo, bilic, soso da sauran kayan wanki sun ci Naira 6,000. Mai ga-ruwa ya karɓi 2,000. Keke Napep da ya kai ku da kaya ya dawo da ku, 3,000. Abincin rana, 3,000. Jimla 14,000.

Mai gidan ya ce zai ba da 20,000. Wanda bai iya lissafi ba zai yi murna, ya ce an ci ribar 6,000. To amma ku uku ne, kowa ya tashi da 2,000 ke nan bayan yini guda a durƙushe. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne a wata. In ka raba shi da kwanakin aiki 26, kowace rana ta kama kusan 2,700. Kun yi aiki ƙasa da haka, kuma ba a ware ko kwabo don buroshin da ya cinye ko bokitin da ya fashe ba.

Mai sana'a yakan sa ladan kowane ma'aikaci a cikin kuɗin da aka kashe, har da nasa. A ce 5,000 kowa, 15,000 ke nan. Ya ƙara 1,000 na lalacewar kayan aiki. Yanzu jimla ta zama 30,000. A kan wannan ne ake ɗora riba, a ce kashi 20 cikin 100, wato 6,000. Farashin aikin ya zama 36,000. Wannan 6,000 ɗin ba ta shan lemo ba ce, ta sana'ar ce. Da ita ake tarawa a sayi tsani, daga baya injin zuƙe ƙura, daga baya injin feshin ruwa mai ƙarfi.

Kada a faɗi farashi ta waya. A je a ga wurin, a ƙirga ɗakuna da tagogi, a duba ko akwai ruwa da wuta, a tambaya ko wanke tankin ruwa yana ciki. A rubuta abin da aka amince a kai a takarda ko a saƙon WhatsApp, don kada a gama a ce ai har da wankin mota. A karɓi kafin alƙalami da zai isa sayen kayan wanki, sauran a biya ranar da aka gama. A riƙe littafi guda mai shafi biyu, abin da ya shigo da abin da ya fita, a rubuta ko na Naira ɗari ne. A kuma raba kuɗin sana'a da na aljihu.

Aikin da ya fi riƙe sana'a shi ne mai maimaituwa. Wankin sabon gida yana kawo kuɗi da yawa lokaci ɗaya, amma sau ɗaya ne. Ofisoshi huɗu da ake sharewa kowace safiya ana biya a ƙarshen wata su ne suke sa mutum ya san abin da zai samu, har ya iya ɗaukar wani aiki.

Amana ita ce jari

Mai gyaran waya a shagonsa kake samun sa. Mai goge-goge shi yake shiga inda kake ajiye kuɗinka, takardunka da iyalinka. Shi ya sa ake iya yafe masa idan ya bar ƙura a bayan kabad, amma ba a yafe masa idan caja ta ɓace. A gari kamar Birnin Kebbi ko Argungu, inda kowa ya san kowa, labari ɗaya ya isa ya rufe sana'a.

Masu riƙe amana suna da ɗabi'u da aka san su da su. Idan suka tsinci kuɗi a ƙarƙashin kujera, sukan ajiye a kan tebur su faɗa wa mai wurin. Ba sa buɗe durowa, ba sa karanta takardar da ke kan tebur, ba sa ɗaukar hoton cikin gidan mutum su sa a Facebook ko TikTok ba da izininsa ba. Abin da suka gani ko suka ji a gidan wani, a can suke barin sa. Idan suka fasa wani abu, su suke fara faɗa kafin a gani. Idan suka ce ƙarfe bakwai, bakwai saura suna bakin ƙofa. Kyan alƙawari cikawa.

Ko shiga tana magana. Riga iri ɗaya mai tsafta, ko da ta gwanjo ce aka buga wa suna, tana sa mai gadi ya san su wane ne ya bari suka shiga.

'Yan mata suna da wata dama a nan da maza ba su da ita. A gidajenmu da yawa namiji baligi ba ya shiga cikin gida. Ƙungiyar mata zalla tana iya karɓar aikin ɗakunan matan aure, gidan amarya, makarantun 'yan mata da ɗakunan kwanansu. Sharaɗin shi ne kada yarinya ta je aiki ita kaɗai gidan da ba a sani ba. A tafi biyu ko uku, da sanin iyaye, a bar adireshin wurin a gida, a dawo kafin Magariba. Wannan ya shafi samari ma.

Ayyukan da ba na yara ba

Akwai ayyukan da kuɗinsu yake da daɗin ji amma ba a taɓa su sai da horo. Na farko shi ne shiga rijiya, ramin masai ko tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa. Iska mai guba takan taru a irin waɗannan wurare, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceton na farko shi ma ba ya fitowa.

Na biyu shi ne feshin ƙwari. Kwastoma zai iya cewa tunda kun wanke, ku fesa mana maganin kyankyaso. Fiya-fiya da makamantansa guba ne, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna. Ƙwayar da manoma ke sa wa hatsi a buhu ko rumbu ta fi haɗari, domin iskar da take fitarwa tana kashe mutum idan aka sa ta a ɗakin kwana. Feshi aiki ne na waɗanda suka sami horo da lasisi daga hukumar kula da lafiyar muhalli. Ku ce wa kwastoma ba aikinku ba ne, ku haɗa shi da mai lasisi.

Na uku, sharar asibiti. Allura da audugar da ta taɓa jini suna da hanyar zubarwa ta daban, kuma tsirewar allura ɗaya na iya sa wa mutum ciwon hanta.

Ko a aikin yau da kullum, safar hannu ta roba, takunkumin hanci da takalmi mai rufi ba ado ba ne. A kashe wuta kafin a goge fanka ko soket. A sayi kayan wanki masu lambar NAFDAC, a guji wanda aka ɗura a gorar ruwa ba suna, kuma kada a ajiye bilic a gorar lemo inda ƙaramin yaro zai ɗauka ya sha. Sharar da aka kwaso kuma a kai ta bola. Wanda ya share gida ya juye a kwata ya mayar da dattin ƙofar maƙwabci ne kawai, kuma da ruwan farko zai dawo.

Rajista da girma

Idan sana'a ta fara tsayawa da ƙafarta, sai a yi mata suna a yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC. Ana yi ta intanet, kuma rajistar sunan kasuwanci ta fi ta cikakken kamfani sauƙi da araha. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Da takardar rajista ake buɗe asusun banki da sunan sana'a, a buga rasit, a sami lambar biyan haraji. Banki, otal ko ma'aikatar gwamnati ba za su ba da kwangila ga wanda ba shi da waɗannan ba. Hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i ma tana yi wa masu sana'a rajista tana shirya musu horo.

Wanda bai kai shekara 18 ba, ya yi aiki a ƙarƙashin wani babba, yaya ko kawu ko gwaggo, wanda zai sa hannu a yarjejeniya ya kuma tsaya masa idan wani ya ƙi biya.

Abin da ɗalibi zai iya yi yanzu

Babu wanda ya ce ku ajiye littafi ku ɗauki mofa. Wanda zai rubuta takardar neman kwangila da Turanci mai kyau, ya lissafa farashi, ya karanta abin da ke jikin kwalba ya gane, shi ne wanda ya zauna a aji. Wanda ya bar makaranta saboda Naira 5,000 ta yau, zai iya ƙarewa yana yi wa ɗan ajinsu aiki.

Amma Asabar da Lahadi da dogon hutu naku ne. Ku fara da gida: ku ɗauki ɗaki ɗaya ku gyara shi daga silin zuwa daɓe bisa tsarin da aka bayyana, ku duba agogo ku ga minti nawa ya ci. Ranar tsaftar makaranta, ku karɓi ajinku ko ɗakin gwaje-gwaje ku yi shi yadda shugaban makaranta zai tambaya su wane ne suka yi. Ku je kasuwa da biro da takarda ku rubuto farashin bokiti uku, mofa, buroshi, tsintsiya, safar hannu, omo da bilic, ku ga nawa ne jarin farawa a yau. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi adashi har ya cika.

Sannan ku zaga unguwarku, Nasarawa ce ko Tudun Wada ko bakin kasuwar Argungu, ku ƙirga shaguna da ofisoshi da makarantun da ke cikin tafiyar minti goma daga gidanku. Ku zaɓi guda ɗaya na wanda ya san iyayenku, ku gaishe shi, ku nemi ya ba ku dama ku gyara masa wurin ranar Asabar. Idan ya buɗe shago ranar Litinin ya ga bambanci, shi zai faɗa wa na kusa da shi.